Mabuɗi na Uku da Hular Sallah

Zongo, Lome
Ranar Asabar, bayan la'asar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan ka tashi lafiya a gidan da gwamnati ta ba ka a Avédji. Allah ya sa ƙafarka ta shiga da alheri, ya tsare ka a fitarka da komowarka, ya raba ka da sharrin wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Mu nan Zongo lafiya, sai ciwon gwiwar da ka bar ni da shi.

Mahaifiyarka ce za ta kawo maka wannan wasiƙa da hannunta, tare da wani ɗan ƙunshi. Kada ka buɗe ƙunshin sai ka kai ƙarshe. Ban jefa ta a gidan waya ba, ban ba direban tasi ba, kuma ba za ka ga sunan ma'aikata ko sunan wani babba a cikinta ba. Idan ka gama karantawa ka ƙone ta, ka murje tokar da yatsa, don toka ma tana karantuwa idan ba a murje ta ba.

Jiya bayan Jumma'a ka nuna mini takardar naɗinka. An ba ka shugabancin sashen da ke tsare kwamfutocin ma'aikata, waɗanda ka ce sunayen ma'aikatan gwamnati da fayilolinsu da saƙonnin manya duk suna cikinsu. Maƙwabta suka cika zaure suna sa albarka, ni ma na sa. Da suka watse na tambaye ka wa ke riƙe da wurin kafin kai, ka ce wani ne da aka tura wani aiki. Na ce mabuɗi nawa ne. Ka yi dariya.

"Baba, ai babu mabuɗi yanzu. Zamanin takarda da kwaɗo ya wuce. Kalmar sirri ake bugawa."

"Mutum nawa suka san ta?"

"Sai Litinin, idan na sa hannu a takardar karɓar aiki, sannan za a nuna mini komai."

Ka ɗauki jakarka ka tafi. Ni kuwa tun daga wannan magana abinci bai shiga bakina da daɗi ba, domin ni ma an taɓa ce mini in sa hannu tukuna.

Yau da hantsi na tafi Hanoukopé da wannan gwiwar. Kosi ne ya raka ni, tsohon akawuna, wanda zan ba ka labarinsa a gaba. Shi ya san inda matar wanda ka gada take sayar da robobi. Na gaishe ta, na tambayi maigidanta. Ta ce an ce yana wani aiki a arewa. Wata huɗu ke nan. Kosi ya tambaye ta da yaren Mina ko ya aiko da wasiƙa. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ce rigunansa duk suna gida, har da tabaraunsa da ba ya iya karatu sai da shi. Sannan ta juya gare ni ta ce, "Papa, idan ba za ka sayi komai ba, ka wuce, ina da yara."

Kujerar mutumin nan za ka hau jibi, kuma duk abin da ya bari a ƙarƙashinta zai zama naka daga lokacin da alƙalami ya taɓa takarda. Shi ya sa na zauna rubutu.

Abin da ka sani game da ni shi ne na yi aikin gwamnati, aka yi mini sharri, aka tsare ni wata goma sha huɗu kana ɗan firamare, na fito na koma rubuta wa mutane wasiƙu a bakin masallaci. Rabin gaskiya ke nan. An yi mini sharri, amma ni na tara musu kayan aiki da hannuna.

Ni ne ɗan Zongo na farko a layinmu da ya gama lise, babbar sakandaren Faransanci. Faransancina ya fi na wasu malamanmu, kuma na san haka, na kuma tabbatar kowa ya sani. Aka ɗauke ni ofishin da ake kira shifir. Aikinmu shi ne duk saƙon da zai fita daga ma'aikata zuwa jakadu da shugabannin larduna mu mai da shi lambobi, mu buga a injin teleks, wanda ya shigo kuma mu mai da lambobinsa magana. Abin da ke buɗe lambobin muna kiransa makullin wata: jeri biyar ne na lambobi, ana sauya shi kowane wata, yana kwana a akwatin ƙarfe. Ka ce zamanin ya wuce. Na yarda injin ya sauya. Amma makullin watanmu da kalmar sirrinku abu ɗaya ne, kuma mutanen da za su tsaya a kanka su ne waɗanda suka tsaya a kaina, ko 'ya'yansu.

Bayan shekara shida aka ba ni shugabancin ofishin. Ranar karɓar aiki darakta da kansa ya sauko da takardar. Shafi biyu ce. A ciki an rubuta cewa akwatin ƙarfe yana da mabuɗi biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya a rufe cikin ambulan mai hatimi. Na fara karantawa, sai ya duba agogonsa. A tsakar ma'aikata an riga an fara kiɗa, domin ranar gwajin rawar Jam'iyya ce, kowa ya sa rigar atamfa mai hoton Mai Gida, wato shugaban ƙasa.

"Idrisu, littafi kake karantawa? Ana jiran mu a fili."

"Ranka ya daɗe, ina so in ga ambulan ɗin."

"Yana nan. Ko ba ka yarda da ni ba?"

Ya miƙo mini alƙalaminsa, mai bakin zinariya. Na ji kunya in sa babban mutum ya tsaya. Na kuma ji daɗi, in faɗa maka gaskiya, cewa ɗan mai sayar da goro ne yake riƙe da wannan alƙalami. Na sa hannu, muka fita muka yi rawa.

Mabuɗan uku ne. Na gane haka bayan wata biyu, ranar da na tarar da littafin makullin a kife, alhali ni a miƙe nake ajiye shi.

Abba, ran Litinin za a tsaya maka a ka, za a duba agogo. Wataƙila ma a yi maka fara'a, wanda ya fi tsawa wuyar ƙi. Ka ce kana neman kwana biyu ka duba abin da za ka karɓa. Ka nemi a rubuta maka sunan kowane mutum da ya san kalmar sirri, da kowane inji da wayarsa ta shiga naka, da wanda yake da mabuɗin ɗakin da injunan suke, har mai shara. Abin da ba ka gani da idonka ba, ka rubuta a gefen takardar cewa ba ka gani ba, sannan ka sa hannu a ƙarƙashin wannan. A ranar da ka karɓa, kafin ka sha ruwa, ka sauya kowace kalmar sirri. Wanda ya ji haushin haka, ka lura da shi, don ya gaya maka wani abu ba da saninsa ba. Kunyar minti biyar ce na guje wa, kuma har yau ina ganin bakin alƙalamin nan.

Da na gano akwai mabuɗi na uku, ban yi shiru ba, kada in yi wa kaina ƙarya ta wannan gefen. Na tari darakta a kan matakala, na ce masa ina ganin wani yana buɗe akwatin, ya kamata a sauya kwaɗon. Ya tsaya, ya gyara mini bajon Jam'iyya da ke ƙirjina kamar uba yana gyara wa ɗansa riga.

"Kana nufin akwai maci amana a gidan nan?"

"Ban ce haka ba, ranka ya daɗe."

"To me ka ce?"

"Kwaɗon ya tsufa."

"Idan ya tsufa a sa masa mai."

Ya haye sama. Sau uku na yi masa wannan magana cikin shekara guda, duk a tsaye, duk da baki. Na ɗauka na sauke nauyi. Ranar da aka tambaye ni ina shaidar na taɓa gargaɗin wani, babu abin da zan nuna sai matakala.

Aikin da aka ba ka, in ka cire injuna, shi ne ka hango abin da zai iya lalacewa kafin ya lalace, ka gaya wa wanda yake da ikon gyarawa. Manya ba sa son jin wannan, domin a ƙasar nan komai lafiya yake, rediyo yana faɗa kullum da safe. Saboda haka ka rubuta. Kada ka yi dogon Faransanci irin nawa. Layi uku sun isa: ga inda ƙofa take a buɗe, ga abin da zai faru idan aka shigo ta nan, ga abin da za a yi a rufe ta. Kada ka rubuta wane ne kake zargi. Ka yi magana a kan ƙofa, ka bar mutum. Ka sa kwanan wata, ka kai wa sakatariya ta buga hatimin karɓa a kan kwafinka, ka adana kwafin inda ba ofis ba. Idan suka ƙi gyarawa, sun ƙi da saninsu, kuma takardar ta san haka. Ba na ce za ta cece ka ba. A ƙasar nan ban san abin da ke ceton mutum ba sai Allah. Amma wanda yake neman wanda zai ɗora wa laifi yakan fara da wanda ba shi da takarda.

Yanzu Kosi. Shi ne mafi ƙwazo cikin akawuna huɗu da ke ƙarƙashina. Teleks yana fitar da wani siririn zaren takarda mai huji-huji, dokarmu kuwa a ƙone shi kafin a tashi. Wata safiya Kosi ya shigo ofishina ya rufe ƙofa, ya ce jiya ya manta ya jefa zaren a kwandon shara, ya dawo da sassafe ya same shi yana nan, ba wanda ya taɓa, amma ya ga ya kamata in sani. Mutumin da ya zo da ƙafarsa ke nan. Na buɗe ƙofar da ya rufe, na tara sauran, na zage shi a gabansu da Faransancin da rabinsu ba su gane ba, na rubuta masa takardar gargaɗi da ta hana shi ƙarin girma shekara biyu.

Daga ranar ofishina ya daina yin kuskure. Wata shida, wata takwas, ba wanda ya manta komai, ba wanda ya ɓatar da komai. Har alfahari nake yi da haka a gaban sauran shugabanni. Ban gane ba cewa kurakuran suna nan, ni ne kawai aka daina gaya wa.

Za ka sami mutane a ƙarƙashinka, wasu sun girme ka. Wanda ya zo ya ce maka ya yi kuskure, ka ba shi kujera. Ka gyara abin tare da shi, ka gode masa. Ranar da ka ga wata ya wuce ba wanda ya kawo maka mummunan labari, ranar ya kamata ka ji tsoro. Kosi bai taɓa tuna mini da wannan ba. Yau ma shi ya riƙe mini hannu muka tsallaka titi.

Saura abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, wanda saboda shi na jima ina juya alƙalami.

Doka ta ce makullin wata ba a rubuta shi a ko'ina sai a littafin da ke cikin akwatin ƙarfe. Shugaba yana haddace shi, don idan saƙon gaggawa ya same shi a wajen ofis. Shekara uku ina haddacewa ba gargada. Sai wani watan azumi zazzaɓi ya kama ni, kaina ya ƙi riƙe jeri na huɗu. In karanta, in rufe ido, ya gudu. Sai dabara ta zo mini, har na yi murmushi don jin daɗin wayona. Na ce in rubuta shi da ajami. A duk ma'aikatar nan, daga minista har mai gadi, wa zai karanta ajami? Ko an gani za a ce laya ce ta Bahaushe. Na rubuta lambobin da kalmomi, bakwai, uku, tara, haka har jeri biyar, a 'yar takarda kamar faɗin yatsa biyu. Na naɗe ta na tura cikin shafin hulata, wajen da zare ya ɗan kwance.

Ka ga inda karatun ya kai ni. Na yi ta lissafin mutanen ofis, na manta da mutanen da nake kwana a cikinsu. Shekarun lise sun sa na daina ganin Zongo a matsayin wurin da ake karatu. Unguwar da kowane mahauci ya yi allo, ni na mai da rubutunta sirri.

Saura kwana biyar Sallah, mahaifiyarka ta tattara huluna ta kai wa Tanko mai wankin hula. A tsohon Zongo ne wannan, kafin a tashe mu a kawo mu nan bayan gari. Da na dawo na nemi hular ban gani ba, ta ce tana wurin wanki. Na tafi da sauri, Tanko ya rufe rumfa ya tafi kai kaya Adidogomé. Washegari aiki ya riƙe ni. A rana ta uku, bayan la'asar, na biyo ta gindin bishiyar da dattawa ke zama a ƙofar masallaci, sai na ji an kwashe da dariya.

"Ga mai lambobi nan ya iso."

Tanko ya taso da takardar a tafin hannunsa biyu. Mutum ne da ba ya yarda rubutun Larabci ya taɓa ruwan wanki, balle ƙasa. Ya ce, "Malam Idi, na tsinci layarka. Na ga ba a ɗinke ta ba, na kawo wa na'ibi ya duba ko wace addu'a ce, don a san yadda za a rufe ta."

Na'ibi ya ce, "Na yi shekara talatin ina karatu, ban taɓa ganin addu'ar da ta fara da bakwai, uku, tara ba."

Wani mahauci da ake kira Ɗanjuma ya ce, "Ku bar malamin gwamnati. Lambobin cacar loto ne, su suna samu daga sama. Ni dai na kwafa, jeri na biyu na buga jiya."

Aka sake dariya. Wani ya ce a cikin azumi, Malam Idi, ko kunya. Ni ma na yi dariya, na ce sirrin ya tonu, na karɓi takardata na sa aljihu. Na wuce gida.

Dokar a nan a fili take. Idan makulli ya fita, ko ana zaton ya fita, a sanar a cikin sa'a guda, a soke shi, a aika sabo. Saura kwana goma sha ɗaya a sauya na watan. Na zauna na auna. Idan na faɗa, na san abin da ake yi wa wanda ya zo da ƙafarsa, tunda ni na koya wa ofishin. Idan na yi shiru, kwana goma sha ɗaya ne kawai, kuma su wane ne suka ji? Mahauta da masu goro. Na zaɓi shiru. Na ci Sallah da sabuwar riga da wankakkiyar hula.

A kwana na takwas saƙo ya fita zuwa wani lardi cewa a kama wani malamin makaranta. Kafin jandarmomi su isa gidansa ya tsallaka Ghana. Wani ya gaya masa.

Da rana tsaka suka zo ofis. Wanda ya yi mini tambayoyi wani kyaftin ne ɗan arewa, mai sanyin murya. Ya shimfiɗa abu uku a kan tebur. Takardar karɓar aiki mai cewa mabuɗi biyu ne, da sa hannuna. Tikitin loton Ɗanjuma. Da wata takarda da wani daga cikin masu zama a gindin bishiyar nan ya rubuta musu, har da wanda ya yi dariya da wanda bai yi ba. Har yau ban san ko wane ne ba, kuma na yi shekaru ina sallah a sahu ɗaya da shi.

Na ce akwai mabuɗi na uku. Ya ce takarda ta ce biyu, ko ba hannunka ba ne wannan? Na ce na gargaɗi darakta. Ya ce nuna mini. Na ce abin da na rubuta ba wanda zai iya karanta shi. Sai ya ajiye Faransanci, ya dube ni, ya ce da Hausa, "Malam, ni ma na yi allo."

Har gobe ina da yaƙinin ba ta hulata saƙon nan ya fita ba. Ɗanjuma bai san teleks ba balle ya karanta shi. Malamin da ya gudu kuwa, daga baya na ji ƙanin matar wani babba ne a ma'aikatarmu, ka kuma san wanda nake zato yana da mabuɗi na uku. Amma wannan zato ne. Su kuwa abin da ke hannunsu takarda ce, kuma duk ni na ba su.

Ba zan rubuta maka wata goma sha huɗun nan ba. Abin da ya kamata ka sani shi ne ba ni kaɗai aka ɗauka ba. An ɗauki Ɗanjuma, ya yi mako uku. An ɗauki Tanko, ya yi wata biyar, domin sun ƙi yarda cewa mutum zai tsinci takarda ya kai masallaci don girmama harafi kawai. Ya fito hannunsa na dama ba ya dunƙulewa. Mai wankin hula da ba ya iya riƙe mabugi. Ka sha tambayar mahaifiyarka me ya sa kullum ake zuba kwano ɗaya a kai gidan Tanko alhali ba danginmu ba ne. Ga amsar. Da na faɗa a cikin sa'ar nan da doka ta ce, da an soke makullin, da an kore ni ko an mai da ni ƙauye, da kuma babu tikitin da zai zama shaida a kan kowa. Tsoron kora ya sa na jira, Tanko ya biya da hannunsa.

Ita ma mahaifiyarka na bar ta shekaru tana cewa da ba ta kai hular ba. Ban taɓa ce mata laifinta ne ba, amma ban taɓa ce mata ba laifinta ba ne, kuma na san bambancin. Yau kafin in ba ta wasiƙar nan zan gaya mata.

Za ka yi kuskure, Abba. Kana da wayo, kuma masu wayo sun fi kowa ƙirƙiro wa kansu hanyar da doka ba ta sani ba. Duk ranar da ka ji kana cewa ai wannan ba wanda zai gane, ka tsaya, don akwai wanda zai gane, kuma mai yiwuwa a gidanku yake cin tuwo. Idan abin ya riga ya faru, ka faɗa a ranar, a rubuce, ka rufe ƙofar. Kada ka ƙirga kwanakin da suka rage kamar yadda na ƙirga. Kada kuma ka shigo da komai na ofis unguwar nan, ko a aljihu, ko a baki. Mutanenmu ba su da wanda zai tsaya musu. An tashe su daga gidajen kakanninsu da motar rusau ba wanda ya ce uffan, balle a ɗauki mutum ɗaya. Idan kuma wata rana aka ce maka, tunda kai ɗan Zongo ne, ka riƙa kawo abin da ake faɗa a gindin bishiya, ka ce aikinka tsare inji ne, ka nuna musu inda aka rubuta haka.

Na so a ce ka zama malamin lissafi. Na yi baƙin ciki ranar da ka ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, na ɓoye. Ƙasar da na ba ƙuruciyata ba ta taɓa aiko wanda zai ce mini sannu ba, darakta kuwa ya yi ritaya da lambar girma, ina ganin motarsa wani lokaci idan na shiga gari. Amma ba zan ce ka ƙi aikin ba. Ƙin naɗi ma laifi ne a wurinsu, kuma fayilolin nan na mutane ne masu 'ya'ya, gara a ce mai tsoron Allah ne yake tsare su.

Yanzu ka buɗe ƙunshin.

Hular ce. Tanko ya wanke ta da kyau, sitacinsa har yanzu bai saki ba. Ranar Sallar nan kaɗai na sa ta bayan wankin. Tun da na fito ban ƙara ɗora hula a kaina ba, kai ma ka sha jin kunya kana yaro, abokanka suna cewa ubanka ya yi boko har ya zama Bature, dattijo yana yawo kai sake. Na bar su a kan haka, ya fi mini sauƙi. Ka duba shafinta, babu komai a ciki.

Kada ka aiko mini da saƙo a kan abin da ya faru ran Litinin, kada ka faɗa a zaure, kada ka gaya wa mahaifiyarka a hanya. Ga yadda za mu yi. Idan ka ƙirga mabuɗan kafin ka sa hannu, ko an ji daɗi ko ba a ji ba, ko da a ce an karɓe aikin saboda haka, ka zo mini da hular ranar Jumma'a, in sa ta mu tafi masallaci tare, mu biya ta gidan Tanko ka gaishe shi. Idan kuwa an duba agogo ka ji kunya ka sa hannu, ka zo hannu sake. Ba zan yi maka faɗa ba, ba ni da bakin yi. Za mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa, mu rubuta layi ukun nan tare, ka kai a buga musu hatimi tun da sauran lokaci.

Ko da hula ko babu, ka zo. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a ce mini an tura ka wani aiki a arewa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ya sa hannunka kada ya sauka a kan abin da idonka bai gani ba. Ya ba ka mutanen da za su gaya maka gaskiya, ya ba ka zuciyar jin ta. Ya kare mutanen unguwar nan daga kuskurenka kamar yadda ban kare su daga nawa ba, ya mayar wa matar Hanoukopé da mijinta. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Zan zauna a zaure tun hantsi ranar Jumma'a.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idrisu